Faifan Shata da Ɗan Maraya: Dukiyar da ke ruɓewa a ɗakunan Agege

Duk wanda ya ratsa Zangon Agege a Legas ba zai rasa jin muryar Alhaji Mamman Shata tana tashi daga wayar wani mai shayi ko ɗan acaɓa ba. Sai mutum ya ɗauka waƙoƙin mazan jiya sun tsira. Amma waɗanda suka san faifan garmaho sun san cewa abin da ke cikin wayoyin nan inuwa ce kawai, gangar jikin tana can cikin akwatunan dattawa, ƙura da laima suna cin ta.

Ba banza ba Agege ta tara wannan dukiya. Cinikin goro da layin dogon da ya haɗa Legas da Kano suka zaunar da Hausawa a nan. A Legas ɗin ne kuma manyan kamfanonin faifai irin su EMI da Decca suka kafa ofisoshinsu, kuma EMI ta fitar da faya-fayan Shata. Fatake kan sayi sabon faifai, wani su tafi da shi Arewa tsaraba, wani su ajiye a masauki don ɗebe kewar gida.

Daga baya kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya ture faifai saboda arha da sauƙin kwafa. CD ya biyo baya, sannan memori da waya suka share fagen. Kowane sauyi ya ƙara yawan masu saurare, amma kwafin kan kwafi ya rage ingancin sauti. Waƙar MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na bayanan da CD ke ɗauka ba, wato kilobit 1,411. Idan kuwa daga tsohon kaset aka ɗauko ta, to an yi asara sau biyu. Zurfin kalangun Shata, da kaifin kuntigin Ɗan Maraya Jos, da yadda 'yan amshin Musa Ɗanƙwairo ke karɓa bisa kotso, duk sai su dunƙule su zama hayaniya.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Faifan SACD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1999 don masu neman sauti mafi tsabta, bai samu kasuwa ba sai a wurin tsirarun masoya kiɗan gargajiyar Turai. Bambancin shi ne su kamfanoninsu na riƙe da ainihin zaren da aka naɗi waƙa a kai. Mu kuwa, sau da yawa faifan da ke hannun wani dattijo shi ne mafi kyawun abin da ya rage. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015. Ba mai sake rera su.

Lokaci kuma ba ya jira. Laimar Legas tana sa faifai fumfuna, zafi yana lanƙwasa shi, zaren kaset yana manne wa juna. Allurar garmaho da kayan gyaran rikoda sun yi wuya. Tun a 2019 hukumar UNESCO ta yi gargaɗin cewa na'urorin kunna zaren naɗar sauti suna gab da ɓacewa.

Abin yi a bayyane yake. A jera faifai a tsaye a wuri busasshe, kada a jefar da kwalinsa, domin a nan sunan kamfani da lambar faifai suke. A kwafe shi zuwa kwamfuta a tsarin WAV ko FLAC, waɗanda ba sa zubar da komai, maimakon MP3. Fadar Sarkin Hausawan Agege da sassan nazarin Hausa na jami'o'i, kamar Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, za su iya haɗa hannu a bi gida-gida a ɗauki kwafi, a mayar wa mai kaya kayansa. In ba haka ba, ranar rabon gado magada za su ɗauki akwatin a matsayin tarkace, ya ƙare a kurar 'yan gwangwan.