Shafin da ke rikicewa bayan sha biyun dare

A ce kamfani ne a Liyon mai sayar da tikiti ta intanet, sabarsa kuma tana Faris. Da rana komai lafiya lau. Da zarar sha biyun dare ta gota, sai shafin ya rikice a wayoyin masu saye, alhali sabar ba ta nuna wata matsala ba. A lokacin sanyi awa ɗaya abin ke yi ya lafa, a lokacin zafi awa biyu. Ina gizo ke saƙar?

Da farko sai a sa manhajar kai rahoton kuskure irin Sentry, wadda ke aiki a burauza da kuma Node.js na sabar, tunda duk JavaScript suke ji. Rahoton farko kalma biyu ne kacal: "Script error." Burauza ce ke ɓoye bayani idan fayil ya fito daga wani adireshin daban. Sai an sa masa alamar crossorigin, can ma an ba da izini, sannan ta buɗe baki.

Ko da ta buɗe, layi na 1 take nunawa, domin an dunƙule fayil ɗin gaba ɗaya don ya yi saurin sauka. Taswirar da ke mayar da shi rubutunsa na asali ita ce ta nuna wurin: inda ake rubuta kwanan wata.

Nan amfanin manhaja ɗaya a ɓangarori biyu ya fito. Lambar bibiya ɗaya ce ke bin buƙatar daga waya zuwa sabar, don haka ana iya jera rahotannin a gwada. Sabar ta rubuta 14 ga wata, burauza ta ce 15. React kuwa, wanda ke gina shafin a burauza, yana ƙorafi idan shafin da sabar ta aiko ya saɓa da wanda ya gina.

Asiri ya tonu. Agogon sabar yana kan UTC, ma'aunin lokaci na duniya. Faransa tana gabansa da awa ɗaya, sannan da awa biyu daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa ta ƙarshen Oktoba. A wannan awa ɗaya ko biyu bayan sha biyun dare, waya ta shiga sabuwar rana, sabar tana jiya.

Maganin shi ne a ayyana Europe/Paris a matsayin yankin lokaci a ɓangarorin biyu. Mai rubuta manhaja a Kano ko Maraɗi ya lura: Najeriya da Nijar ma suna gaban UTC da awa ɗaya duk shekara, saboda haka ya gwada shafinsa tsakanin sha biyu da ɗayan dare.