Gadarif da Darfur a ƙagaggun labaran Baraka Sakin

Duk kaka, dubban 'yan ƙwadago kan kwararo gonakin riɗi da dawa na Gadarif, a gabashin Sudan, inda Hausawa ma suka daɗe da zama. Ana kiran su Jango, kuma da yawansu daga yammacin ƙasar suke. Su ne Abdul'aziz Baraka Sakin, haifaffen Kasala a 1963, ya rubuta labarinsu a littafin da ya ci kyautar Ɗayyib Salih a 2009. Mutane ne da ke girbe arzikin ƙasa amma ba su mallaki ko taki ɗaya a cikinta ba. Tun a nan mai karatu ke ganin yadda ake fara raina al'umma kafin a kai ga zubar da jininta.

A littafin Almasihun Darfur ne ya tunkari kisan kiyashin da ya ɓarke a 2003. Rahoton hukuma yakan ƙirga gawawwaki ya wuce. Shi kuwa mace guda ya ɗauko, mai sunan maza, Abdurrahman, wadda Janjawid suka hallaka danginta, ya bar mu da ƙishirwarta ta ramuwa. Wanda ya karanta ba zai iya cewa bai san kowa a can ba.

Gwamnatin Umar al-Bashir ta gane haɗarin. A 2012 aka kwashe littattafansa a baje kolin Khartum, shi kuma ya yi hijira zuwa Ostiriya. Dukansu biyu akwai fassararsu da Faransanci.