Haƙƙin Musaki a Gaban Shari'a: Misali Daga Birnin Kudu da Gwaram

Gabatarwa

Tun asali al'ummar Hausawa ta ɗora ɗawainiyar musakai a kan dangi da zakka da sadaka, har ma makafi da kutare da guragu kowannensu yana da sarkinsa. Amma sadaka ba abar kai ƙara ba ce. Wanda ya hana ka, sai dai ka bar shi da Allah. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda al'amarin yake sakewa idan hukuma ce ta ɗauki alkawarin bayarwa.

Asalin Alawus

A shekarar 2007 Gwamna Sule Lamido, ɗan Bamaina ta ƙasar Birnin Kudu, ya soma biyan musakai Naira 7,000 kowane wata, mutum 150 a kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 27 na Jigawa, watau mutum 4,050 ke nan. A ƙasa mai yawan jama'a irin ta Gwaram ko Birnin Kudu, tilas ne mabuƙata su fi guraben yawa. To, wanda aka tsallake ko aka soke sunansa fa, ina zai dosa?

Abin da Doka ta Tanada

Sashe na 16(2)(d) na Tsarin Mulkin 1999 ya umurci hukuma ta kula da jin daɗin naƙasassu. Sai dai kuma sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta abin da ke cikin wannan babi. Duk da haka, a shari'ar Jihar Ondo da Gwamnatin Tarayya ta 2002, Kotun Ƙoli ta nuna cewa idan majalisa ta mai da irin wannan manufa doka, kotu na iya zartar da ita. Saboda haka mai ƙara ya jingina da takamammiyar doka, kamar dokar hana wariyar naƙasassu da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019.

Matakan Ƙara

Da fari, ya rubuta wa hukumar ya nemi dalilin hana shi, ya kuma adana kwafin takardar. Na biyu, ya sami shaidar likita, misali daga Asibitin Tarayya na Birnin Kudu. Na uku, ya hanzarta, domin dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kawai take bayarwa a shigar da ƙara. A Babbar Kotu, lauya zai roƙi a rushe hukuncin idan ba a saurari mai ƙara ba, ko a umurci jami'in ya yi aikin da doka ta ɗora masa. Marar hali kuwa yana iya neman Hukumar Ba da Agajin Lauya, wadda aka kafa a 1976.

Hanyar ma'aikacin da ya naƙasa a bakin aiki dabam ce. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba shi damar neman hukumar NSITF ta sake duba hukuncinta, sa'an nan ya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Kammalawa

Kotu ba za ta ƙara yawan gurabe ba, amma tana iya hana son rai wajen rabonsu. Babban cikas shi ne, waɗannan dokoki da Ingilishi aka rubuta su, alhali masu haƙƙin Hausa suke ji. Lalle fassara su aiki ne da ya rataya a wuyan ɗaliban wannan sashe.