Sana'a a cikin gida: Hannun wa za mu bar yaranmu?

Duk wanda ya bi hanyar motar da ta tashi daga Paraku zuwa Jugu a arewacin Jamhuriyar Benin, tafiyar kilomita sama da 130, zai ratsa ta Partago, ɗaya daga cikin gundumomin ƙaramar hukumar Jugu. A nan, kamar yadda yake a Zangon Paraku da tsofaffin unguwannin Jugu, kaso mai yawa na abin da muke saye da sayarwa ba a rumfar kasuwa ake haɗa shi ba, a tsakar gida ne. Matanmu ne ke toya ƙosai da awara, su soya ƙuli-ƙuli, su kaɗa man kaɗanya, su sayar da atamfa a ɗaki, yayin da maigida ke zaure yana ƙirgar buhunan kashu ko waken soya.

Mutane da yawa na ɗaukar cewa tunda uwa tana gida, ai batun reno ya ƙare. Wannan kuskure ne, domin taura biyu ba ta taunuwa. Matar da ke gaban kaskon mai, ga mai ciniki a bakin ƙofa, ga waya tana ƙara daga Malanbil ko Cikanda, jikinta ne kawai ke gida, hankalinta yana kan aiki. A irin wannan lokaci ne yaro mai rarrafe ke jawo tafasasshen ruwa, ko ya leƙa rijiya, ko ya sulale bakin titi inda babura da manyan motoci ke wucewa.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Jugu da Paraku tsofaffin zanguna ne na fataken da ke kai-kawo tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja wajen sayen goro, kuma tun wancan zamani kakanninmu suna da tsarinsu: kaka tana gida, abokiyar zama tana gida, ga gwaggo da inna, ga ƙa'idar nan ta ɗa na kowa ne. Binciken da wata masaniya 'yar Amurka, Enid Schildkrout, ta yi a Kano cikin shekarun 1970 ya nuna yadda sana'ar matan kulle ta dogara a kan yara, masu talla da aike da goyon ƙanne. Yau gidajen gandu sun ragu, ma'aurata da yawa suna haya ne nesa da dangi, yaran da a da ke taya reno kuma makaranta ce wurinsu.

Hanyar da ta fi saurin zuwa wa mutane a rai ita ce a aika ƙauye a kawo yarinya 'yar riƙo. A kudancin Benin ana kiran irin waɗannan yara "vidomegon". Asalin al'adar taimakon zumunta ne, amma ta lalace har ta zama kasuwanci a hannun dillalai. Ba mu manta da jirgin ruwan Etireno ba, wanda ya komo tashar Kwatano a watan Afrilun 2001 ɗauke da yaran da aka nufi Gabon da su, haka kuma yaran Benin da aka kwaso daga wuraren fasa dutse a yankin Abekuta a 2003. Bayan haka ne Nijeriya da Benin suka ƙulla yarjejeniyar yaƙi da safarar mutane a 2005, Benin ta kafa dokar tafiya da ƙananan yara a 2006, sannan ta fito da kundin dokar kare yara a 2015, wanda ya hana sa yaron da bai kai shekara 14 ba aiki. Saboda haka ɗan kasuwar da ya ɗauko 'yar shekara tara daga wani gari, musamman idan ya tsallako iyaka da ita ba takarda, yana iya samun kansa a hannun hukuma ko da niyyarsa mai kyau ce.

Ko da ba doka, hankali ma bai yarda ba. Yaro ba ya renon yaro. 'Yar shekara tara ba ta san alamar zazzaɓin da ke kai wa ga taune-taune ba, ba ta iya ɗaukar mataki idan jariri ya shaƙe. Kuma gyara ɗanmu ta hanyar tauye 'yar wani ba riba ba ce, bashi ne.

To mene ne mafita? Abu na farko shi ne mu duba shekarun yaron. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6. A wannan tsakani bai kamata ya yi nisa da uwarsa ba, abin da ake bukata shi ne babbar mace da za ta zo cikin gida ta riƙe shi a sa'o'in da wuta ke ci. Daga fara rarrafe zuwa shekara uku shi ne lokacin da ya fi hatsari, kuma a nan ne ya kamata a kashe kuɗi ba tare da ƙyashi ba. Daga shekara uku kuwa akwai makarantar reno. Tun 2006 gwamnatin Benin ta soke kuɗin makaranta a makarantun reno da na firamare na gwamnati, a 2017 kuma ta ƙaddamar da babban shirin ciyar da 'yan firamare. Idan aka haɗa da makarantar allo ko Islamiyya da yamma, uwa ta samu sa'o'in aikinta cikin natsuwa.

Abu na biyu, mu ware lokacin hatsari. Ba dukan yini ake bukatar mai reno ba. Mai ƙosai da asuba ne aikinta, mai awara da hantsi, mai atamfa ranar kasuwa. Maƙwabta uku ko huɗu da lokutan aikinsu suka bambanta za su iya yin karɓa-karɓa, ko su haɗa kuɗi kamar adashi su ɗauki dattijuwa guda ta zauna da yaran a gidan da babu murhun sana'a.

Abu na uku, mu bincika kamar yadda muke bincikar kaya. Babu ɗan kasuwar da zai biya kuɗin buhu a kasuwar Arzeke ta Paraku bai soka masa tsinke ya ga abin da ke ciki ba. In gidan reno ne na kuɗi, a nemi ganin takardar izinin hukuma, a ƙirga yara nawa ke hannun mace guda, a duba ruwan sha da bayan gida da gidan sauro, a ga ko rijiya a rufe take, a kuma riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba. In mai reno ce za ta shigo gida, a san iyayenta ko mijinta da mai unguwarsu, a yanke lada da lokacin tashi a gaban shaidu, a nuna mata katin rigakafin yaro da asibitin da za ta nufa. Kada a yarda kowa ya ba yaro maganin barci ko jiƙo ba da sanin iyaye ba. Yaron da ya fara firgita in ya ga mai renonsa, ko aka ga tabo a jikinsa ba bayani, magana yake yi mana. Tun 2020 akwai lambar waya ta kyauta, 138, da ake kai ƙarar cin zarafin yara a Benin.

A ƙarshe, wannan nauyi ba na mata kaɗai ba ne. Maigidan da ke ware kuɗin dako da na kwastan da na ɗan kamasho, ya kamata ya sa kuɗin reno cikin lissafin jari, tunda ribar gidan daga wannan tsakar gida take fitowa. Idan kaya suka lalace a hanya, wata kakar za ta mayar. Yaro kuwa in ya ƙone ko ya tashi ba tarbiyya, babu kasuwar da ake sayo madadinsa. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa albarka a cikin nemanmu.