Mun Kai Yara Ruma, Garin Ɗan Waire

A ƙasarmu ta Safana hutu na 'yan makaranta ne da ma'aikatan gwamnati. Manomi ba shi da hutu. Da an gama yankan gero da dawa sai roron wake, sai tonon rogo, sai yaɓen rumbu da gyaran danga. Mata kuwa daga rijiya sai murhu, daga murhu sai turmi. Saboda haka da muka ce za mu kwashi iyali mu tafi yawon buɗe ido a hutun Kirsimeti na 2025, maƙwabta dariya suka yi. Da suka ji Ruma za mu, cikin ƙasar Batsari, sai dariyar ta tsaya.

Suna da dalili. Ruma tana kusa da Dajin Rugu, kowa kuwa ya san abin da dajin nan ya zame mana. A watan Fabrairu na 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar na Batsari. A watan Disamba na shekarar nan aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara. A 2021 har layin waya aka katse mana, aka hana sayar da fetur a jarka. Gonakin bakin daji da yawa sun yi shekaru ba su ga garma ba. Sai a 2025, da aka yi zaman sulhu a Batsari da Safana da waɗansu ƙananan hukumomi, mutane suka ɗan samu sararin bin hanya.

Abin da ya tashe mu shi ne tambayar babban ɗanmu. Wata rana da dare ya ce, "Baba, tun da aka yi duniya haka ƙasarmu take?" Yaron nan shekararsa 11, ya san ƙarar bindiga kafin ya san haruffa. Muka ga amsar baki ba za ta ishe shi ba, gara ya je ya ga wurin da aka taɓa yin irin wannan zama, ya kuma ji yadda ya ƙare.

Uwargida ba ta yarda nan da nan ba. Sai da muka tambayi direbobin tasha har kwana uku a jere, muka kuma aika wa wani ɗan'uwa a Batsari ya jiyo mana labarin hanya. Sa'an nan ta kafa sharaɗi: a fita da hantsi, a dawo kafin la'asar. Ta dafa rogo, ta daka ƙuli da yaji, ta yi kwaɗon zogale, aka cika gora da ruwa. Guzurin ke nan. Muka shiga motar haya mu shida, har da kakar yara, wadda ta ce ba za a bar ta a gida ba.

A Batsari muka sauka muka canja mota. Yara suka tsaya kallon tulin rogo, gama rogon Batsari ya yi suna a jihar nan. A nan muka gaya masu cewa hakimin Batsari, Sarkin Ruma ake ce da shi, kamar yadda ake ce da na Safana Yariman Katsina. Watau sunan sarautar daga tsohon garin da za mu ya fito.

Ga tarihin a taƙaice, yadda muka ba su a mota. A 1807 mutanen jihadi suka ci Katsina, Umarun Dallaji ya zama sarki. Gidan sarautar da aka kora ya yi arewa, daga baya ya kafu a Maraɗi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Tun daga nan har ƙarshen ƙarnin ba a daina kai wa juna hari ba, domin Maraɗawa suna ganin Katsina gadonsu ce. Sarkinsu Ɗan Baskore ya yi suna wajen yaƙi, haka kuma Ƙaura Hasau a bayansa. Ƙasarmu ta yamma, mai daji da duwatsu, ita ce a bakin hanya. A can ƙarshen ƙarni na 19 aka yi Sarkin Ruma Ɗan Waire, jarumin da har yau ake ba da labarinsa a Katsina, wanda ya yi ta karawa da mayaƙan Maraɗi.

Wanda ya je Ruma yana neman gidan tarihi mai tikiti da mai gadi, zai koma da kunya. Gari ne irin namu: awaki a inuwa, mata na sussuka, yara na bin baƙi da kallo. Muka fara kai gaisuwa wurin manya, kamar yadda ya kamata, aka haɗa mu da wani dattijo. Ya ɗauki sandarsa ya fita da mu bayan gari, yana nuna duwatsu da daji. Ya ce a zamanin kakanninsa ba a zuwa gona sai da kwari da baka, a kuma ɗora wani a kan dutse yana duban ƙura. In ya hango ta dawakai, sai a buga ganga, kowa ya bar fartanya ya yi gida. Wanda aka rutsa da shi, sai dai a ji labarinsa a kasuwar bayi.

Kakar yara, wadda tun safe ba ta ce komai ba, sai ta ce, "Haka kakata ta gaya mani. Ta ce a kogon dutse aka yaye ta." Mu kanmu ba mu taɓa jin wannan daga bakinta ba.

Ƙaramar 'yarmu ta ja rigar dattijon ta ce, "Baba tsoho, to wa ya ci yaƙin?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "'Yata, yau waɗannan su ci, gobe waɗancan. Amma mai gona bai taɓa ci ba ko sau ɗaya. Hatsinsa ake kwashewa, ɗansa ake kamawa, ko wane ɓangare ya zo."

Yadda abin ya ƙare kuwa, ba takobin wani jarumi ya ƙare shi ba. A 1903 Turawan Ingila suka shiga Katsina, Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, aka ja iyaka a tsakani. Ba don ƙaunarmu suka yi ba, amma hare-haren suka mutu. Mutane suka bar gindin duwatsu suka kafa ƙauyuka a fili, dajin da ake tsoro ya zama wurin kiwo da itace. Jikokin waɗanda suka harbi juna suka koma cin kasuwa ɗaya a Jibiya da Maraɗi, har da auratayya. Kusan shekara ɗari ana wannan gaba, ta kuma wuce.

Muka zauna a gindin wata tsamiya muka ci rogonmu tare da dattijon da jikokinsa. Da rana ta karkata, uwargida ta dube mu. Ba ta yi magana ba, muka tashi.

A hanyar dawowa babban ɗan ya ce, "Ke nan wannan ma zai wuce?" Muka ce masa na da ya wuce, kuma bayansa an yi zamanin da kakarsa take zuwa itace bakin Rugu ita kaɗai tana yarinya. Kakar ta gyaɗa kai. Yaron ya juya yana kallon daji ta taga, bai ƙara tambaya ba.

Shawararmu ga iyaye ita ce, ba sai kun je Legas ko Jos ba. Akwai tsohon gari kusa da ku, akwai tsoho a cikin gidanku wanda ba ku taɓa tambaya ba. Amma ku binciki hanya tukuna, ku fara da gaida manyan gari, ku dawo da rana a sama, gama rigakafi ya fi magani.

Mun iso Safana ana kiran la'asar. Washegari da asuba kowa ya koma aikinsa, akwai rogon da bai gama fita daga ƙasa ba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.