Ranar da Yaron Ya Fi Ƙarfin Mahaifiyarsa

Akwai ranar da uwar yaro mai galahanga ba ta mantawa. Ranar ce da ta kama hannunsa za ta fitar da shi daga gidan biki, ya fizge, ta ji a ƙashinta cewa ƙarfinsa ya wuce nata. Jiya-jiya goya shi take yi idan ya birkice. Yau shekarunsa goma sha huɗu, murya ta buɗe, gashin baki ya fara tsirowa, amma har yanzu ƙarar janareta na sa shi toshe kunne yana buga kansa da bango. Maƙwabtan da a da suke cewa "Allah sarki, yaro ne" sun koma janye 'ya'yansu mata idan ya fito. Abin da uwar ke samu daga dangi bai wuce kalma ɗaya ba: "Sai haƙuri." Haƙuri kuwa ta yi shi har ya zama tuwonta na kullum. Abin da ta rasa shi ne wanda zai koya mata dabara, da wanda zai saurare ta.

Galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun yaro na ƙarami, yana shafar magana da cuɗanya da yadda mutum ke jin ƙara, haske da taɓi. Mu kan ɗora sunan a kan larurori daban-daban, shi ya sa ganin likita ke da muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita, kuma an fi gano ta a maza, wajen ninki huɗu. Idan aka auna wannan da cunkoson Kawo, Unguwan Dosa, Badarawa, Unguwan Shanu da Tudun Wada a Kaduna, za a gane cewa yaran nan suna nan da yawa. A bayan ƙyaure suke.

Ɗora wa uwa laifi ba a kanmu aka fara ba. Bayan likita Leo Kanner ya bayyana yanayin a 1943 daga yara 11 da ya duba a Amurka, an yi shekaru ana cewa sanyin zuciyar iyaye mata ne ke jawo shi, har bincike ya rushe zancen ya nuna ƙarfin gado a ciki. Mu namu salon daban ne: ta yi wanka da magariba tana da ciki, ta zubar da ruwan zafi babu bismilla, kishiya ce ta yi jifa. Wasu kuma su ce rigakafi ne, alhali binciken Andrew Wakefield na 1998 da ya haifar da wannan jita-jita an janye shi a 2010, shi kansa an soke lasisinsa na likita a Birtaniya.

Balaga ita ce inda komai ke dagulewa, kuma al'adarmu na ƙara wa lamarin nauyi. A gidan Bahaushe, namiji na balaga yake ja da baya daga cikin mata, ya koma zaure ko shago. Wannan yaron kuwa bai iya wanka shi kaɗai ba. Wa zai koya masa tsarki, da wankan janaba, da abin da ake yi idan an yi mafarki? Uwar da ko sunan ɗanta na fari ba ta iya kamawa don kunya? Nan ne wurin uba, ko kawu, ko yayansa, kuma gaskiya mai ɗaci ita ce maza da yawa sun mayar da kuɗin cefane iyakar gudunmawarsu. Yaro irin wannan ba ya gane hannunka-mai-sanda. Sai an faɗa masa ƙarara, da gajerun kalmomi iri ɗaya kullum, ko da hotuna: tufafi a banɗaki ko a ɗakinka kaɗai ake cirewa, ba a taɓa mace, ba a shiga gidan da aka rubuta "ba shiga", babu wanda zai taɓa al'aurarka. Darasin ƙarshen nan ya fi sauran gaggawa, domin yaron da ba ya iya ba da labari shi mugu ke nema.

A kula da farfaɗiya. Ta fi yawa a masu galahanga, kuma sau da yawa a shekarun balaga take fara bayyana. Idan saurayi ya faɗi yana karkarwa, ko yana ƙura ido ya ɗauke na ɗan lokaci, asibiti za a nufa. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, amma hayaƙi da bulala da sunan fitar da aljani ba sa ƙara masa komai sai tsoro. Mutanen Kaduna ba sa buƙatar dogon bayani kan inda wannan hanya ke kaiwa: a watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, daga wani gidan mari a Rigasa, da yawansu da sarƙa a ƙafa, mafi yawa kuma danginsu ne suka kai su da niyyar gyara. Uwar da ta gaji, wadda ba ta yi barcin kirki ba tsawon shekaru, ita ce ta fi saurin amincewa idan aka ce mata akwai inda ake gyara yara. Haka nan take amincewa da mai kemis da zai ba ta ƙwayar da za ta kwantar da shi. Akwai magungunan da ke rage tsananin fushi, amma suna sa ƙiba da kasala, kuma likita ne kaɗai ya san gwargwadonsu. Asibitin Koyarwa na Barau Dikko na nan cikin gari, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya na Barnawa tsallaka kogi ne kawai, ga kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa idan ana shakkar jinsa. Zuwa Barnawa ba ya nufin ɗanki mahaukaci ne.

To mene ne horon da ake cewa uwa na buƙata? Ba wani abu ba ne mai wuyar fahimta. Mai horo, ko ma'aikaciyar asibiti ce ko wata uwa da ta riga ki shiga ruwan, za ta sa ki sayi littafin rubutu, duk lokacin da ya birkice ki rubuta abu uku: me ya faru kafin nan, me ya yi, me aka yi masa bayan nan. Cikin mako biyu ko uku sai zaren ya fito. Wata za ta tarar duk ranar da aka ɗauke wuta fanka ta tsaya ne. Wata ta gano ciwon haƙori ne ko taurin bayan gida da bai iya faɗa ba. Sai a koyi sanar da shi sauyi tun kafin ya zo, a rage magana idan ya hau, a ba shi kusurwa mai shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya na da shirin koyar da masu reno irin wannan, zaman rukuni tara da ziyarar gida uku. Don yara masu shekara 2 zuwa 9 aka tsara shi, wanda ya nuna yadda duniya ma ke mantawa da samari, amma ginshiƙinsa na aiki a kan babban yaro.

Ita kanta uwar fa? Masu bincike a Jami'ar Wisconsin sun auna sinadarin damuwa a jikin iyaye mata masu samari da manyan 'ya'ya masu galahanga, suka tarar yanayinsa ya yi kama da na sojojin da ke fagen daga. A 2014 kuma Jami'ar Vanderbilt ta fitar da sakamakon gwaji kan iyaye mata 243: zaman mako shida, wanda wasu iyaye mata irinsu da aka horar suka jagoranta, ya rage musu damuwa da ƙuncin rai, ya gyara barcinsu. Abin da ya ja hankalina shi ne ba likitoci ne suka jagoranta ba. Matan Kaduna da suka iya riƙe adashi shekara da shekaru ba za su kasa wannan ba. Iyaye huɗu ko biyar daga Islamiyyar matan aure ɗaya ko layi ɗaya sun isa: a haɗu sau ɗaya a mako, a yi kuka ba tare da wata ta ce "ki gode wa Allah" don ta rufe miki baki ba, sannan a yi adashin hutu. Yau yayyensu maza su riƙe yara biyu na awa uku, uwa ɗaya ta je asibiti a auna hawan jininta, ko ta yi barci kawai. Wadda ta kai ga jin rayuwa ta ishe ta, ita ma mai buƙatar likita ce a ranar.

Saura batun titi. Saurayin da ya ɗauki biskit a shago bai biya ba, ko aka yi masa magana da dare bai amsa ba, ihun "ɓarawo" ɗaya ya isa ya hallaka shi, ko a ɗauke shi ɗan ƙwaya. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 na kare shi a takarda, amma ba ta tsayawa a bakin layi. Ɓoye shi da ake yi shi ke sa a ɗauke shi baƙo a unguwarsu. Uba ya kama hannunsa ya kai shi wurin mai unguwa, da liman, da shugaban 'yan sintiri, da mai shayin bakin titi, da masu Keke Napep na tashar kusa, ya ce musu ga ɗana, ga yadda yake, in kun gan shi shi kaɗai ku kira ni. A ɗinke lambar waya a cikin wuyan kowace rigarsa, har da ta Sallah.