Littafin Rubutun da Ya Tsaya a Shafi na Biyar

'Yan'uwana matan aure, da ku 'yammata 'yan makaranta, da za a buɗe adakokin matan Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, da an tarar da littattafan rubutu da dama a ƙarƙashin zannuwa. Shafi huɗu ko biyar na farko cike da rubutu tsaf, sauran kuwa fari fat. Wannan ta fara labari, waccan ta fara tarihin gidansu, wata lissafin adashi. Duk da ɗoki aka soma, da ɗokin ya kwanta sai alƙalami ma ya kwanta.

Shi ɗoki wutar kara ne. Da shi a ke kunna murhu, amma ba wadda ta taɓa tuƙa tuwon gida da kara kaɗai, sai ta sa itace. To, mene ne itacen rubutu?

Wannan matsala ba yau ta fara ba. A shekarun 1950, zamanin da garuruwan nan namu ke cikin Lardin Sakkwato, aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, mutane suka yi ta tururuwa zuwa aji. Amma wanda ya karɓi takardar shaida ya koma gida ba abin karantawa, ba wanda zai rubuta wa, sai hannunsa ya mutu. Domin maganin haka hukumar NORLA ta Zariya ta riƙa buga ƙananan jaridu, kamar Zaruma don Lardin Sakkwato. An rufe hukumar a 1959, amma abin da ta gano yana nan, watau rubutu ya fi daɗewa in akwai mai jiransa.

Ku dubi Nana Asma'u 'yar Shehu, Allah ya jiƙanta. An haife ta a 1793. A 1808, shekarar da aka ci Alƙalawa, yaƙin da Namoda mai sunan Ƙaura ya halarta, tana 'yar shekara 15. Rubutunta na farko da a ke da shi na 1820 ne, ba ta kuwa ajiye alƙalami ba sai dab da rasuwarta a 1864. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan, ga aure, ga 'ya'ya, ga hidimar gidan Waziri Giɗaɗo wanda ba ya rabuwa da baƙi. Ayyukanta wajen 60 suka iso gare mu, da Fillanci da Hausa da Larabci, waɗanda Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara suka buga a 1997.

Ba ɗokin da zai kai shekara arba'in. Abin da ya riƙe ta, a ganina, shi ne masu jira. Wajen 1840 ta kafa 'Yan Taru. Ta kan zaɓi dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Ita jajin ke jawo ayarin mata daga ƙauyuka su zo wurinta, su haddace waƙoƙi, su koma su koya wa na gida. Matar da ta san wasu za su tako a ƙasa daga nesa don su ɗauki karatu, ba ta zama jiran sai ran da marmari ya zo.

Akwai kuma wata dabara tata da ba a cika faɗa ba, ita ce komawa kan tsohon aiki. Waƙarta mai jera sunayen surori 114 na Alƙur'ani, ta yi ta da Fillanci a 1829, ta mai da ita Hausa a 1838, sa'an nan Larabci a 1850. Abu ɗaya, shekara 21 tana waiwayarsa. Saboda haka ranar da sabon abu ya ƙi zuwa, ki ɗauko na jiya ki karanta a bayyane, ki gyara, ki kwafe shi da kyau. Wannan ma rubutu ne.

Ke kuma uwargida, nemi mai jiranki. Ko maƙwabciya ce, ko ƙanwar da aka kai aure Shinkafi, ko tsohuwar da ba ta yi boko ba amma tana son labari. Ku yanka rana, ki ce mata kowace Juma'a bayan la'asar za ki karanta mata abin da kika rubuta. Kunyar zuwa hannu sake za ta zaunar da ke. Sa'an nan ki ɗaure rubutun da wani aiki da ba ya fashi, kamar bayan sallar azahar kafin a ɗora sanwar dare, kuma ki ajiye littafin da alƙalami a inda ido ke gani, ba ƙasan adaka ba. Layi biyar ya isa. Layi biyar kullum, a shekara layi 1,825 ne, ya isa cika littafin makaranta har ya yi saura. Masu cewa sai sun cika shafi goma a zama ɗaya, yawancinsu ba su kan kai mako biyu ba.

In kin yi fashin kwana uku don biki ko jinyar yaro, kada ki ce za ki rama. Ramuwar ce ke sa a gudu. Ki ɗora daga inda kika tsaya kurum.

Ku kuwa 'yammata, naku ya fi tsanani. Kun ga yadda aka rufe makarantun Jihar Zamfara a watan Satumba na 2021, saboda 'yan bindiga masu sace ɗalibai, har aka katse layukan waya. Yarinyar da ba ta rubutu sai malama ta sa ta, in makaranta ta rufe wata uku sai ta komo tana lalube. Wadda ta saba da layi biyar ɗinta kuwa, hannunta na nan. Abin rubutawa bai ƙare ba. Ki zauna wurin kakarki ki tambaye ta yadda a ke lodin gyaɗa a tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura, wanda layinsa ya iso a 1929, da sunayen unguwannin ƙauyenku in gudun hijira ya raba ku da shi, da waƙoƙin daka da na niƙa. Ki sa kwanan wata a saman kowane shafi, da sunan wadda ta gaya miki.